Ko uhum ba ta ce ba

Yau kwanana hamsin da uku da haihuwa, Ummi ta samu bacci na lallaɓa na ɗauko waya. Tun ina gida wajen wanka nake cewa sai na rubuta abin nan ko don ƙannena mata masu tasowa, to amma mai jego ina ta ga hannun rubutu, ɗaya na tallafe da jaririya ɗaya na riƙe da kofin kunu. Yau dai Allah ya nufa.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Gumel, daga bakin kwalta zuwa garinmu yashi ne zalla, motar da ta san hanya ta yi minti ashirin da wani abu, wadda ba ta sani ba kuwa sai an fito an tura. Aure ne ya kawo ni cikin gari, maigidana malamin firamare ne. Da yake cikin fari ne, yana shiga wata takwas aka maida ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Kafin nan na je awo sau biyar, an min allurar tetanus guda biyu, an ban ƙwayoyin ƙarin jini, an ban na zazzaɓin cizon sauro guda ukun nan da sai kin haɗiye a gabansu, har gidan sauro na samu. Malamar da ke mana bayani kuwa duk ranar awo sai ta maimaita, in kin ga jini, in kanki na sarawa ba ya sauka, in fuska da hannu sun kumbura, in kina gani dishi-dishi, in naƙuda ta wuce awa 12, kar ki tsaya jiran komai. Na haddace tsaf kamar karatun allo. Ina faɗin wannan ne don kar wata ta ce rashin sani ne ya ja min, wallahi na sani, abin da ya rufe min baki daban ne.

Mu tun muna yara in aka yi haihuwa a unguwa, ana gama tambayar me aka samu sai a rage murya a ce “ta yi raki?” Wadda ta yi ihu ranar da take kan gwiwa labarin bin ta yake har ta aurar da ɗan, kishiya ta goranta mata, a gidan biki a yi mata habaici da shi ana dariya. Wadda kuwa ta shige ɗaki ta turo ƙofa sai kukan jariri kawai aka jiyo, to ita ce mace, ita ake nuna wa 'yan mata. Da wannan na tashi, kuma ba zan ɓoye ba, ita nake so in zama.

Ranar wata Juma'a ce da la'asar sakaliya, tsakiyar hunturu, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ni da ƙannena na ji marata ta ɗaure tam ta saki. Na yi shiru. Ta sake, na gyara zama na ci gaba da ɓara. Da magariba tuwo ma loma biyu na yi na ture, Inna ta kalle ni ta ce “ke 'yar nan lafiyarki kuwa?” nace lafiya lau Inna. Alhali mun gama magana da maigidana tun tuni cewa a asibiti zan haihu, ya ware kuɗin mota, lambar direban garinmu tana wayata tana wayar Baba, jakata a haɗe take da reza sabuwa da zare da leda da zannuwa. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce Inna ciwo nake ji, shi ne ya gagare ni, ina ta ce wa kaina bari dai ya ƙara ƙarfi kar a tara min mutane a zo a ce ba haihuwa ba ce in ji kunya. Haka na kwana riƙe da ƙarfen gado ina cizon bakin zani, sai wajen ƙarfe biyun dare faya ta fashe, lokacin kam ba sauran ɓoyo. Inna ta haska fitila ta dube ni ba ta ce komai ba, ta tashi ƙanina ta ce maza ya taso Iya ungozoma ya biya ya faɗa wa Gwaggo. Baba ya kira maigidana, aka kira direba, ashe ya kai kaya wani gari can ya kwana, ya ce ga shi nan ya taso. Lokacin da ya kamata a ce muna hanya tun da rana ni na cinye shi da shiruna.

Kafin kiran assalatu na sauka. Iya ta ce mace ce, Gwaggo ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa saboda dare, aka yanke cibiya aka ɗaure, can mabiyiya ta faɗo Iya ta ajiye ta gefe a wani tsohon kwano sai gari ya waye a wanke a binne a bayan ɗaki. Daga nan kowa ya koma kan jaririya, an kawo baho an kawo ruwan ɗumi da soso da sabulu ana ta cuɗa ta wai kar ta tashi da ƙarni (daga baya a asibiti suka ce min da goge ta kawai aka yi aka kwantar min a ƙirji aka lulluɓe mu, wanka sai ta kwana ta yini, balle a irin wannan sanyin). Ni kuma ina can lungu kan tabarma an shimfiɗa min leda da tsohon zani. Sai na ji wani abu mai ɗumi yana zuba, ba ɗiga ba, zuba, kamar an karkata buta. Na lalubo wani zanin na cusa, kafin wani lokaci na ji shi ma ya yi sharkaf. Kunnena ya fara shuuu, fitilar da ke hannun Inna na ga ta zama biyu. Na buɗe baki kenan zan kira ta sai na ji Gwaggo tana cewa “kai wannan yarinya ta yi gadon uwarta, kun ga ko uhum ba ta ce ba, haka ake son mace.”

Wallahi maganar nan ita ta mayar min da kiran cikina. Yanzun nan aka yabe ni, yabon da nake jira tun ina yarinya, sai kuma in ɓata da Inna zo ki duba ni? Ga kunyar a ɗaga min zani a gaban mahaifiyata. Nace a raina ai kowace mai haihuwa tana zubar da jini, bari in ƙara daurewa.

Allah ne ya taimake ni da Iya. Tsohuwa ce tukuf, ita ta karɓi haihuwata ni kaina, ta kawo min ruwan zafi a kofi ta kamo hannuna za ta ɗaga ni sai ta ji shi sanyi ƙalau ga gumi a goshina a wannan hunturun. Ba ta tambayi kowa ba ta yaye zanin, ta saka salati. “Ke jikata tun yaushe? Tun yaushe kike haka?” Ta durƙusa ta danna min mara da ƙarfinta tana murzawa, azabar ta fi ta naƙuda, ta ce a miƙo yarinyar a sa mata nono yanzu-yanzu, Gwaggo ta fara cewa ai ba a wanke nonon ba Iya ta daka mata tsawa, abin da ban taɓa ji an yi wa Gwaggo ba. Ashe tana cikin ungozomomin da aka taɓa tarawa a asibiti aka yi musu bita. Ana cikin haka muka ji ƙugin mota.

Hanyar nan guntu-guntu nake tuna ta. Na tuna hasken mota a kan yashi, na tuna mun kafe sau ɗaya Baba da yayana sun fita suna turawa, na tuna kaina a cinyar Inna tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, in na lumshe ido sai ta girgiza ni ta ce “yi magana, ke yi min magana, kar ki yi shiru, faɗi ko mene ne.” Innar da tun tasowata take ce min mace da haƙuri aka san ta, ita ce yau take roƙona in yi magana, hawayenta na ɗiga a fuskata.

A babban asibiti suka karɓe ni da gudu, allura, ƙarin ruwa hannu biyu, sannan suka ciro wani ɗan guntun mabiyiya da ya maƙale a ciki, ashe shi ne ya hana mahaifa ta tsuke. Jini leda biyu aka ƙara min, ɗaya na maigidana ɗaya na yayana. Washegari da na dawo hayyacina wata nas mai kirki ta zauna bakin gadona ta dunƙule hannunta ta nuna min, ta ce haka mahaifa ya kamata ta dunƙule bayan haihuwa ta matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe, in ta gaji ko wani abu ya saura a ciki sai ta saki, jini ya yi ta tafiya. Ta ce ki ɗauki ledar fiya wata ɗaya, rabin lita kenan, jinin haihuwa in ya kai haka an shiga haɗari, kuma yana iya tafiya da mace cikin awa biyu. Shi ya sa suke yin allurar da ke sa mahaifa ta tsuke da zarar jariri ya fito tun kafin a ga jinin, inda babu allura kuma akwai ƙwayoyi uku da ake ba mace ta sha. Daga baya na gani a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 cewa mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar kaɗai, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, na daɗe ina kallon lambar nan don saura ƙiris a ƙirga da ni a ta bana.

Gadon da ke kusa da nawa wata yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, kwana uku ta yi tana naƙuda a gida, ɗan bai zo da rai ba, ga fitsari yana bin ƙafarta ba ta iya riƙewa. Na ji ana ce wa mahaifiyarta in ta warware za a tura su Jahun, can ne ake aikin yoyon fitsari, likitocin wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa da ake kira MSF suna wajen tun 2008. Uwar tana ba Inna labari tana cewa “baiwar Allah ga dauriya, kwana uku ko tari ba ta yi ba.” Inna ba ta amsa ba, ta sunkuyar da kai tana gyara wa Ummi hula.

Ranar Litinin aka sallame mu. A zaure Baba ya karɓe ta ya tauna dabino ya ɗan goga mata a dasashi ya yi mata addu'a, huɗuba kam tun a asibiti ubanta ya yi mata a kunne. Muna shiga ciki Gwaggo ta dawo da maganar nono, ita fa hankalinta bai kwanta ba an bar yarinya ta sha dakashi, wai a zamaninsu sai an matse shi an zubar, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa a gani in ta fita da rai sannan a ba jariri, kafin nan ruwan ɗumi da ɗan zuma ake ba shi. Ta kawo kofi da cokali ta ce baƙo ba a hana shi ruwa, ga iskar hunturu tana busar da maƙogwaro. Gabana na faɗuwa, don ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba tunda nake, na sunkuyar da kai nace Gwaggo ki yi haƙuri ki gafarce ni, malaman asibiti sun ce dakashin nan shi ne rigakafinta na farko, kuma nono akwai ruwansa a ciki, kar a ba ta komai sai ta yi wata shida, zuma kuwa sai ta shekara. Ɗakin ya yi tsit. Ta ce “to, 'ya'yan zamani, mu da muka raine ku da ruwan mutuwa kuka yi?” Ban da amsar da zan ba ta wadda ba za ta zama rashin kunya ba, sai Inna daga bakin ƙofa ta ce “Yaya a bar ta, ita ta ga abin da ta gani.” Gwaggo ta ajiye kofin. Ta yi fushi na kwana biyu, rana ta uku ita ce ta zo da man shanu da daddawa ta karɓi yarinyar tana mata wasa, don ba ƙi ba ne, so ne irin nasu.

Wankan jego kuwa duk mai cewa ƙauyanci ne bai san daɗin a kula da shi ba. Tun kafin asuba zan ji Inna tana karya kara tana hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar nan da ba a sauke ta sai an yi arba'in, ta zuba ganyen darbejiya ya dahu har ruwan ya yi kore-kore, ta juye a baho ta kai bayan ɗaki, tururi na tashi cikin duhu ga sanyi na yankan kunne. In zauna kan kujera 'yar tsugunno ta tsoma damin ganye ta fyaɗa min a baya, a kafaɗa, a cinya, ta danna min ƙugu da tafin hannunta, in na fito jikina sakayau kamar an sauke min kaya, in shiga ɗaki ga garwashi a kasko ga kunu na jira. Safe da yamma haka. Kwana arba'in ba daka ba surfe ba zuwa rijiya, tuwon dawa miyar kuka da man shanu, gasasshen nama da yajin jego, ranar ƙauri maigidana ya aiko da ƙafafun sa aka kwana ana dafawa aka rarraba wa maƙwabta. Macen ƙauye yaushe rabonta da hutu irin wannan? Ni ban ga abin da zai sa a yar da shi ba.

Abu biyu kawai aka canza min, su ma da ƙyar. Na farko zafin ruwan, don akwai gidan da sai fatar mai jego ta saluɓe ake cewa ta gasu, ni kuwa jinina bai gama dawowa ba jiri nake, aka ce a riƙa surkawa daidai yadda jiki zai ɗauka. Na biyu kunun kanwa. Da za a sallame ni sun auna sun ga jinina ya ɗan hau, suka ce kanwa aikinta ɗaya da gishiri a jiki, tana tara ruwa tana ba zuciya wahala, kuma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jegon da ke zuwa da ciwon zuciya a ƙasar Hausa har suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Mu a gari sai dai a ce wance ta kumbura bayan haihuwa, wai sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, a ƙara mata wuta a ƙara mata kanwa, alhali mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta bacci, asibiti take buƙata a ranar. Inna dai ta koma dama min kunun gyaɗa da na tsamiya, tana yi tana mitar wai kunu ba kanwa ai ruwa ne, amma ko sau ɗaya ba ta saka ba.

Daren da ya fi min tsawo shi ne na ranar da muka dawo. Ruwan nono ya zo gaba ɗaya, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, kan ya tsage, ita kuma ta kasa kamawa sai tsala kuka take, in ta kama in ji har tsakar kaina ga mara na murɗawa, kawai sai na tsinci kaina ina kuka nima, kukan da ban yi ba ranar naƙuda, ban san dalilinsa ba kuma na kasa tsayar da shi. Inna a ɗakin take kwana, dama ba a barin mai jego ita kaɗai. Ta tashi ba ta ce min daure ba, ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta gasa min ta ɗan matse har ya yi laushi, ta gyara min riƙon ta tura bakin yarinyar ya haɗiye har baƙin gaba ɗaya ba kan kawai ba, sai ga shi tana zuƙa ina jin ƙut ƙut ɗin haɗiyarta. Kukan nan ya ɗan bi ni kwanaki, da yamma musamman, sannan ya tafi da kansa. Nas ɗin ta riga ta gaya min yana faruwa da mata da yawa a satin farko, in ya wuce sati biyu ko mace ta ji ta tsani kanta ko ɗan to a zo a faɗa musu, kar a tsaya ana cewa iska ce.

Da rana kuma ga kunyar 'yar fari. 'Yan barka na shigowa zan juya fuska bango, a ce ungo ba ta ta sha sai an faɗa sau biyu in karɓa kamar dole aka min, ba dama in kalle ta a gaban manya balle in yi mata wasa. Sai dare ya raba in ji numfashin Inna ya daidaita sannan in ja bargo in kunna fitilar waya in yi ta kallonta. Faratanta kamar ɓawon albasa, kunnen a naɗe bai gama buɗewa ba, maɗigarta tana bugawa a hankali ina ƙirgawa, wani lokacin ta yi murmushi cikin bacci ta murtuke kuma kamar an ɓata mata rai. In sa ɗan yatsana a tafinta ta damƙe. Nan nake gaya mata duk abin da ba na iya faɗa da rana. Ina zargin Inna tana jina, don wata rana da safe ta ce min batirin wayar nan dai ba ya kwana, ta fita tana gyara ɗaurin kallabi.

Cibiya ma an sha magana, kowa da nasa, wannan ta ce a gasa da tsumma, waccan ta ce makilin, wata ta ce man zafi da gishiri, duk don ta faɗi kafin suna. Ni dai ɗan man da suka ban a asibiti, kulohezidin, shi nake shafa mata sau ɗaya a rana bayan na wanke hannu, sun ja min kunne kar ya kusanci ido. Ranar suna da cibiyarta aka yi, sai kwana tara ta faɗi a cikin riga, wajen a bushe ba wari ba ruwa.

Maganar wanzami ce na san ta fi ƙarfina, don wanzamin gidanmu tun kakanni su ne, shi ya cire wa kowannenmu beli, 'ya mace kuma har da abin da suke kira cire angurya, wani yanka da ake yi a gaban jaririya. Na kira maigidana cikin dare na gaya masa ni jinin da na gani ya ishe ni, ba zan iya ganin na yarinyar nan ba, belin nan kowa da shi aka halicce shi, yanke shi ba ya maganin komai sai dai jariri ya zubar da jini ya ƙi kama nono ko aska ta sa masa wata cutar. Ranar Alhamis da ya dawo daga kasuwar Maigatari da ragon suna ya samu Baba a zaure ya durƙusa, ƙanina da ya laɓe ya ce min cewa ya yi “Baba alfarma na zo nema, a yi mata aski kawai, sauran a bar mana.” Baba ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce “'yarka ce Malam, Allah ya raya ta.” Wanzami ya zo ya yi aski da sabuwar reza, aka ba shi hakkinsa cif har da kason namansa, ya tafi ba rai a ɓace ba.

Asabar da sassafe aka raɗa suna a ƙofar gida aka raba goro da dabino, sunan mahaifiyar maigidana ta ci shi ya sa ba na iya faɗa, Ummi muke ce mata. Da rana mata suka cika gida, an min lalle na sa atamfar fitar suna ina zaune a ƙuryar ɗaki kayan barka sun taru a gabana, sabulai da omo da 'yan riguna, sai na ji labarin ya zagayo, wata na gaya wa wata ai ita wannan ko uhum ba ta ce ba, jaruma ce. Ban shirya ba wallahi, kawai ji na yi bakina ya ce “shirun nan saura kaɗan ya kashe ni, da na yi magana tun la'asar da ba a kai ga ƙarin jini ba.” Aka yi tsit, wata tsohuwa ta ce Allah dai ya kyauta, aka shiga wata hirar. Amma da yamma ana watsewa wata amaryar maƙwabtanmu mai ciki ya fara fitowa ta dawo wai ta manta mayafi, ta tsuguna kusa da ni ta ce a hankali “Yaya, in jinin ya yi yawa ya ake ganewa?” Na gaya mata duk abin da na sani, na sa mata lambar direba a wayarta.

Wajen kwana ashirin da haihuwa, muna wankan asuba Inna tana bayana ba na ganin fuskarta, ta fyaɗa min ganye sau biyu sai ta tsaya. Ta ce “yayata da nake bi haka ta tafi.” Ban taɓa sanin tana da wata yaya ba. Ta ce haihuwar fari ce ita ma, ta sauka lafiya cikin dare aka yi ta murna, aka lulluɓe ta aka ce a bar ta ta huta, da safe aka zo tashinta ta sha kunu. Inna lokacin ba ta fi shekara goma ba, ita aka aika da kunun. Ta ce har yau in ta ji ana yabon mai haihuwa da shiru sai gabanta ya faɗi, amma ba ta taɓa iya faɗa ba, ita ma haka ta haife mu mu bakwai bakinta a rufe don haka ta tarar ana yi. Sai ta tsoma ganyen ta ci gaba, ta ce juyo ruwan zai huce.

Da muka yi arba'in da kwana biyu na kai Ummi rigakafin sati shida, na farko dai tun a asibiti aka yi mata, BCG ta tarin fuka a damtsen hagu da ɗigon foliyo da ta ciwon hanta, wajen BCG ɗin har ya ɗan yi ƙurji sun ce haka yake yi kar a matsa. Washegari aka zo ɗaukarmu. An loda kaya a bayan mota, garin kunu, yaji cike da gwangwani, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, Iya ta zo da sandarta ta tofa mana addu'a, Gwaggo ta ɗaura wa Ummi hula ta biyu a kan ta farko wai iskar hanya. Inna ce ta riƙo ta har bakin mota, na shiga na zauna na miƙa hannu, ba ta ba ni ba sai da direba ya tayar, sannan ta sunkuyo ta ɗora min ita a cinya ta ja mayafina ta rufe mata ƙafa, ta ce “in kun isa ki kira ni, ko kanki ne ya sara ki kira ni, kin ji ko?” Nace to Inna.